Shafin da Yaya Ya Liƙe

Da haƙori Yaya yake yanka salatif ɗin, don almakashin shagon ya ɓace tun bara kuma bai ga dalilin sayen wani ba. Ya ɗauki littafi, ya buɗe shi ta baya, ya haɗa takardu ukun ƙarshe ya liƙe da bango, ya wurga kan tari. Ya jawo wani.

"Yaya, a hankali mana, za ka yaga bangon," in ji ƙanwarsa Marubuciya.

"Auta, shekara ashirin da biyu ina sayar da littafi. Ke naki rubutu, ni nawa liƙi. Miƙo kwalin can."

Ta miƙo. Shagon ɗan tsukuku ne, tsakanin kantin magani da rumfar mai gyaran waya, yana kallon tashar bas. Kantoci har rufi, fanka mai karkataccen fiffike, benci ɗaya. Tun ƙarfe bakwai suke ciki.

Littafi goma sha biyu ta rubuta, duk na soyayya, duk sun ƙare da aure. Masu karanta ta kuma suna da wata ɗabi'a da Yaya ya haddace. Mace za ta ɗauki littafi, ko kallon shafin farko ba za ta yi ba, sai ta juya shi, ta lashi yatsa, ta buɗe na ƙarshe. In ta ga an yi auren, ta saya, ta je gida ta sha kukanta na tsakiyar labari hankali kwance. In ba a yi ba, ta ajiye. Yaya ya ce bai taɓa ganin wadda ta fara daga gaba ba, in ban da wata da ta shigo neman littafin lissafi.

Na goma sha ukun nan kuwa ba aure a cikinsa, gawa ce. Bangonsa baƙi, ƙofa a ɗan buɗe, takalmin mace ƙafa ɗaya a bakin ƙofar. Labarin wata malamar makaranta ce da ƙawarta ta ɓace, da wani likita mai sanyin murya da yake neman malamar da aure. Marubuciya ta sa babi ukun farko kyauta a guruf ɗin masu karatunta na waya, mata ɗari tara, kuma mako guda ke nan ba su da zance sai Likita. Likita mai buɗe ƙofar mota. Likita mai tuna ranar haihuwa. To Likitan shi ya kashe ƙawar, kuma a shafin ƙarshe ake ganewa. Dalilin salatif ke nan.

Shekara goma sha shida tana buga takardu a kotu kafin ta bar aiki. Ta buga bayanan mutane masu fara'a da suka yi abin da baki ba ya iya faɗa. Tuntuni labarin nan yake cinta, amma gaskiya ita ce tsoro take ji. Shi ya sa a jakarta akwai wasu takardu takwas, wani ƙarshen daban, inda mai gidan haya, wani mummuna mai tsawa, shi ne makashin, Likita kuma ya auri Malama. Mai Maɗaba'a ya buga ɗari biyu na gwaji, sauran dubu uku suna jiran bakinta.

"Ƙarfe huɗu zan kira ki," ya ce mata jiya. "Wanda kika ce shi zan ɗora a inji. Daga gobe takardun jarrabawa zan shiga, wata guda ba ni ba littafi."

Ƙarfe goma da ɗan motsi matan guruf suka iso, kafin a gan su an ji su. Sista ce a gaba, tsohuwar nas da ta yi ritaya, ƙatuwar mace mai tabarau rataye da igiya a wuya. Ita ce shugabar guruf. In ta ce littafi ya yi, ya yi. In ta ce bai yi ba, sai dai a hura wuta da shi. Bayanta Tela, siririya, awo rataye a kafaɗa, sai 'Yar Banki da ta sato jiki daga wajen aiki, sai wasu kamar goma sha biyar suna ture juna a bakin ƙofa.

"Ina mijinmu?" in ji 'Yar Banki. "Anti, fito mana da Likita!"

"Mijinki ko mijina? Ni na fara ganinsa."

"Ku bi a sannu, ku bi layi," Yaya yana cewa, ba mai jinsa.

Tela ta ɗaga littafin sama tana juya shi. "Ina furen? Ina amaryar? Anti, wannan ai kamar sanarwar rasuwa."

"Sabon salo ne," in ji Marubuciya.

"Ni dai na riga na yanka wa Malama rigar biki a kaina, har da dogon hannu. Kada a sa in yi asarar yadi."

Ana cikin haka wani bakanike ya kutso ta tsakanin mata, hannunsa duk baƙin mai, yana kallon ƙasa.

"A ba ni ɗaya. Madam ce ta aiko ni."

Yaya ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da ba ka da mata?"

Shago ya ɗauki dariya. Bakanike ya sosa ƙeya. "To ni ne madam ɗin. An ce akwai kisa a ciki."

Marubuciya ta ji wani abu mai daɗi ya ratsa ta. Shekara goma tana rubutu, yau ne namiji ya fara neman littafinta da bakinsa. Amma idonta na kan Sista. Sista ta zauna a benci, bencin ya yi ƙara. Ta ɗora tabarau a hanci, ta juya littafin, ta lashi yatsa. Yatsan ya ci karo da salatif.

"Wannan fa?"

Yaya ya gyara tsayuwa, ya harɗe hannu a ƙirji. "Doka ce, Sista. Wannan daga gaba ake fara shi. Wadda ta ɓalle salatif ta saya."

"Kai da ƙanwarka kun raina mu," in ji Sista. Ba ta ɓalle ba. Ta dai buɗe shafin da ke kafin salatif ɗin.

Daga inda take tsaye Marubuciya ta hango shafin. Rabinsa rubutu, rabinsa fari, a ƙasa kalma ɗaya da manyan baƙaƙe: ƘARSHE. Takardu ukun da Yaya ya liƙe ba labari ba ne. Shafin godiya ne, da jerin tsofaffin littattafanta, da tallan maɗaba'a. Yaya bai taɓa karanta littafinta ko ɗaya ba, suna da launin bango kawai ya sani. Ɗari biyu ya liƙe, duk haka.

"Sista, don Allah..."

"Ku yi shiru in ɗaura muku aure," in ji Sista, kamar yadda ta saba a duk ranar fitowar littafi. Ta gyara murya ta soma karantawa da ƙarfi. "'Sufeto ta ce ya miƙo hannuwansa. Likita ya miƙo su yana murmushi, ya ce, a hankali, ranki ya daɗe, hannun aiki ne.'" Muryarta ta fara ja da baya, amma baki ya riga ya ɗauki hanya. "'Ankwa ta yi ƙara. Malama ta tsaya tana kallon mutumin da ya binne ƙawarta a bayan asibitinsa.'"

Ba ka jin komai sai fanka.

Sai shagon ya fashe.

"Likita?"

"Wane Likitan? Namu?"

"Wayyo ni! Jiya fa na yi mafarkinsa!"

"Anti, ki ji tsoron Allah!"

Bakanike ya buga cinyarsa. "Kai! Yanzu fa na saya! Baiwar Allah, kin kashe mini littafi!"

Yaya ya matso kusa da ƙanwarsa, ya rage murya. "Auta, ni dai takardun ƙarshe kika ce, kuma na ƙarshen na liƙe."

"Godiya ka liƙe, Yaya! Godiya! Har da sunanka a ciki!"

"Sunana?" Ya ɗauki ɗaya yana ƙoƙarin leƙawa ta gefen salatif.

Tela kuwa ta riga ta kai waya baki, ta danna. "Jama'ar guruf, kada wadda ta wahalar da kanta. Ba aure, ba komai. Likita ne ya kashe ta. Likita! Na faɗa muku." Ta saki. Saƙon ya tafi ga mata ɗari tara. Asirin da Marubuciya ta yi wata goma sha ɗaya tana ginawa bai kai ƙarfe sha ɗaya na safe ba.

Tela ta ajiye littafin a kan kantar shago, ba wurgarwa ta yi ba, ajiyewa ta yi a hankali, wanda ya fi ciwo. Ta dubi Marubuciya, idonta ya kawo ruwa.

"Anti, ni daga safe har dare ina kan keken ɗinki, baya na ciwo, yara na kuka. Littafinki ne kaɗai inda nake shiga in ga ana lallashin mace. Yau can ɗin ma kin shigo mana da gawa. Na gode."

Ta fita. Mata huɗu suka bi ta.

Marubuciya ta shige ɗan sito na bayan shago, ta rufe ƙofa, ta zauna a kan kwali. Ta ciro takardu takwas ɗin. Ta nemo lambar Mai Maɗaba'a. Me za ta jira har ƙarfe huɗu? An gama magana. Ta ɗora yatsa za ta danna, sai ta ji muryar 'Yar Banki ta cikin katako.

"Ƙarya ne! Sharri aka yi masa. Mutumin da ya kwana a asibiti yana jinyar uwar Malama? Ba ni nan in gani. Wallahi sai na wanke shi."

"Ni ma ba ni. Wannan Sufeton tun babi na biyu ban yarda da ita ba."

"Yaya, biyu! Ɗaya na ƙanwata!"

Ta buɗe ƙofar kaɗan ta leƙa. Ba wadda ta tafi bayan su Tela. Sun zazzauna a kan kwalaye, a dandamali, wata a kan kujerar mai gyaran waya, kowace da baƙin littafi a hannu, fuska a murtuke, suna karatu kamar masu neman kuskure a takardar kora. Ta mayar da wayar jaka.

Kafin sha biyu saƙon Tela ya gama aikinsa, amma ba aikin da ta aike shi ba. Duk bas ɗin da ta tsaya sai ta sauke mata biyu ko uku, su nufo shagon da faɗa a baki.

"Ina take? Ina wadda ta mayar mana da Likita ɗan ta'adda?"

"Ga ni, Anti."

"Ba ki kyauta ba. Sam ba ki kyauta ba. Yaya, ba ni ɗaya."

Yaya ya jefa sauran salatif a aljihu, ya naɗe hannun riga. Zufa na zuba, yana miƙa littafi ta saman kawuna, yana yi wa kowace albishir: "Likita ne fa, kada ki ce ban gaya miki ba." Ko ɗaya ba ta fasa ba. Mai kantin magani ya fito ya ce an tare masa ƙofa, ya koma da littafi a hammata.

Wajen ƙarfe ɗaya 'Yar Banki ta ƙwala ihu har direbobin tasha suka waiwayo.

"Shafi na sittin! Ku buɗe shafi na sittin! Ya ce bai taɓa zuwa gidan ƙawar ba. To ya aka yi ya san ƙofarta koriya ce?"

Aka ji ƙarar takardu kamar iska ta shiga bishiya.

"Innalillahi! Ga shi kuwa!"

"Munafuki! Kuma a bakinsa ya faɗa, muna ta washe haƙora!"

"Ke dakata, wataƙila Malama ce ta gaya masa."

"A ina? Nuna mini!"

Bakanike, da ya ce an kashe masa littafi, yana tsugune a inuwar rumfa, ya ɓata gefen kowane shafi da baƙin mai. Ya ɗago kai. "Ni tun da ya wanke bayan motarsa da kansa na san ba lafiya. Likita ba ya wanke mota."

"Kai yi mana shiru, madam!"

'Yar Banki ta duba agogo, ta dafe kai, ta ce yau korar ta za a yi, ta koma ta zauna.

Marubuciya tana tsaye a tsakiyarsu kamar wadda aka jefa cikin ruwa. Wannan ta ja hannunta ta zage ta, waccan ta rungume ta. Dariya na taso mata tana dannewa. A littattafanta goma sha biyu kuka ake yi mata a waya, a ce Anti kin taɓa mana zuciya. Ba a taɓa yi mata musu da lambar shafi ba.

Amma wayarta ba ta daina ƙara ba, kuma abin da ke cikinta ba daɗi. Guruf ya rabu biyu. Waɗanda ba su zo ba sun fi waɗanda suka zo yawa nesa ba kusa ba, kuma saƙonsu iri ɗaya ne. Mun fita. Ta ci amanarmu. A dawo mana da Antinmu ta da. Wasu kuma suna cewa a jira Sista, abin da Sista ta ce shi za a yi. Mutum hamsin masu ihu a bakin shago ba su ne dubu uku ba.

Sista kuwa tun da ta karanta layin nan ba ta ƙara cewa uffan ba. Tana ƙarshen benci, ta juya wa kowa baya, ta fara littafin daga shafin farko. An kawo mata ruwa, yana nan inda aka ajiye. An tambaye ta, ta ɗaga hannu kawai. Wannan shirun ya fi duk zagin tsorata Marubuciya, don Sista ba ta yin minti biyar bakinta a rufe.

Huɗu saura kwata ta kasa haƙuri. Ta ciro takardu takwas ɗin, ta je ta durƙusa a gefen benci.

"Sista, ki yi haƙuri. Akwai wani ƙarshen. Ga shi. Mai gidan haya ne ya yi kisan, Likita ya auri Malama. Yanzu za a kira ni daga maɗaba'a. In kin ce a canza, a canza."

Sista ta sa yatsa a inda ta tsaya, ta rufe littafin a kansa. Ta sauke tabarau. Fuskarta ba fushi. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ba mai ji sai su biyu.

"Ƙanwata, a ina kika san shi?"

"Wa?"

"Mutumin nan."

"Ƙirƙira ce, Sista. A kotu dai na ga irinsu."

Sista ta buɗe littafin baya kaɗan, ta nuna wani wuri da farce. "Nan. Inda suke gaban mutane, Likita ya riƙe wa Malama hannu yana murmushi, kowa na cewa kai, wannan miji. Shi kuwa yana matse mata yatsu har zobe ya shiga nama, don ta yi dariya da wani." Ta ɗago ta dube ta. "Ba a kotu ake ganin wannan ba."



"Shekara goma sha tara ina aure da irinsa," in ji Sista. "Kowa a layinmu yana gaishe shi da hannu biyu. Shi ke kai marasa lafiya asibiti a motarsa. Ranar da na gaya wa yayata, ta ce in je in nemi gafararsa, irinsa ba ya haka. Ni nas ce, na iya ɗaure ciwo, ban ƙara gaya wa kowa ba. Da ya rasu sai da aka rufe titi."

Daga waje 'Yar Banki tana rantsuwa wai ta gano wani abu a shafi na ɗari da goma, mata na rugawa wajenta.

Sista ta karɓi takardu takwas ɗin, ta mayar da tabarau, ta lashi yatsa, ta buɗe ta ƙarshe. Layi biyu ta karanta. Ta haɗa su ta miƙa mata.

"Wannan na san shi. Shi kowa ya riƙa karanta mini a kan mijina."

Wayar ta ɗauki ƙara a cikin jaka. Marubuciya ta ciro ta, ta miƙe, ta toshe kunne ɗaya saboda hayaniya.

"Hajiya, ƙarfe huɗu," in ji Mai Maɗaba'a. Ana jin inji yana gurnani a bayansa. "Wanne zan ɗora?"

Ta dubi ƙofar da Tela ta fita. Ta san ba za ta dawo ba, ita da wasu da yawa.

"Bar shi yadda yake."

"Kin tabbata? An ce mini ana zagin ki a waya."

"Ana yi. Ɗora."

Ta kashe. Ta juya za ta tambayi Sista abin da za ta faɗa wa guruf, sai ta ga ta riga ta koma inda ta tsaya, ta sunkuyar da kai, leɓenta na motsi.

"Sista..."

"Matsa mini daga haske," in ji Sista. "Ina so in ga yadda aka yi aka yarda da maganar Malama."